Mun je Abuja neman robot ɗin haihuwa, ga abin da muka tarar a asibitin IVF

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na fi wata biyu ina juya shi a raina, in fara in goge, don magana ce da namiji ba ya son ta fito daga bakinsa. Amma yanzu mutum uku ke nan suna zuwa shago, sai su bari kowa ya watse sannan su matso su rage murya su ce wai wajen nan da kuka je yaya yake, da gaske ana dacewa? To gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta a ɗakinsa ba sai ya sha kunyar tambaya ba. Asibitin kuɗi ne a Abuja masu aikin IVF, wato dashen ƙwai. Ba zan kama suna ba saboda akwai inda zan yabe su sosai akwai kuma inda raina ya ɓaci, ban so ya zama talla ban kuma so ya zama ɓatanci.

Ni gyaran waya nake yi a Farm Centre nan Kano, shekara 14 ina kan sana'ar, kullum idona na cikin maikiroskop ina ɗaga aisi, wato 'yan ƙananan kayan da ke manne a cikin injin waya, ina jona layin da ya fi gashi siranta. Na faɗi haka ne don ku gane dalilin da ya sa maganar na'ura ta ja ni. Aurenmu shekara 9 lokacin da muka je Abuja, kuma kafin bana ko ɓatan wata maiɗakina ba ta taɓa yi ba. Abin da baiwar Allahn nan ta sha a shekarun nan Allah kaɗai ya sani, sassaƙe, jiƙe-jiƙe, hayaƙi, rubutu, wannan ya ce sanyi ne wancan ya ce namijin dare ne a je a yi ruƙiyya, an yi mata wankin mahaifa, an yi mata hoton nan na bututun mahaifa da ake tura ruwa ciki, ranar da ƙyar ta iya takawa zuwa bakin titi mu hau adaidaita. A gidan biki a kan idonta ake yada habaicin juya. Ni kuma maganar 'yan uwa ɗaya ce kullum, ka ƙara aure mana. Shekara bakwai cur babu mahalukin da ya ce ni ma in je a duba ni, ni ma ban taɓa kawo wa raina ba, tunda ta ɓangaren auratayya lafiyata ƙalau na ɗauka magana ta ƙare. Ashe wannan daban wancan daban.

Wata likita ce a nan Kano ta gama karanta fayil ɗin matata kaf, ta ɗago ta ce, Malam kai an taɓa gwada ka? Na ce a'a. Ta ce to daga nan za mu fara. Gwajin maniyyi ne, mutum zai ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai sannan ya bayar, kuɗinsa bai kai na canjin sikirin ɗin wata wayar ba. Sakamako ya fito, ƙwayoyi miliyan 3 a kowane mililita, kuma yawancinsu a kwance suke ba motsi. Ta nuna min ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana so a ga wajen miliyan 16 zuwa sama, kuma 42 cikin ɗari su zama masu motsi. Ta ce kar in tayar da hankali tukuna a sake bayan wata uku, don ƙwayar maniyyi tana ɗaukar sama da wata biyu kafin ta gama haɗuwa, zazzaɓi mai zafi ma kaɗai yana iya ɓata sakamako. Aka sake, kusan haka aka samu. Da ta bi tarihina sai muka tuno hangum da na yi ina ɗan shekara 17, wanda ya sauka min ƙasa maraina suka kumbura na yi sati ba na fita. Wallahi na ma manta da shi. Ta ce shi ta fi zargi.

A hanyar gida ban iya cewa uffan ba. Ita ce ma take lallashina, Yaya ka cire damuwa a ranka, Allah ne mai bayarwa. Matar da aka shekara bakwai ana ɗora wa abin da ba nata ba.

Daga nan na duƙufa bincike a intanet, kullum da dare bayan an tashi kasuwa. A YouTube na ci karo da wani bidiyo da ya hana ni barci. Wani ɗan abu ne murɗaɗɗe kamar sifirin ɗin cikin biro amma ƙanƙane ta yadda ido ba ya ganinsa, an yi shi da roba an shafe shi da ƙarfe, yana juyawa a cikin ruwa har ya je ya zura wutsiyar ƙwayar maniyyin da ba ta motsi a cikinsa, ya turo ta daga baya har jikin ƙwai, sannan ya juya da baya ya sake ta. Babu batir a jikinsa babu waya, maganaɗisu ne daga waje yake juya shi, in an sauya juyin maganaɗisun sai shi ma ya sauya hanya. Masu binciken suna wata cibiya ta Leibniz a birnin Dresden na Jamus, a cikinsu akwai Oliver Schmidt da Mariana Medina-Sánchez, a 2016 suka fitar da aikin, sunan da aka sa masa spermbot. Ku duba halin da nake ciki, an ce min ƙwayoyina ba sa iya tafiya, sai ga abin da aikinsa ke nan, ya goya wanda ba ya iya tafiya ya kai shi inda za shi. Na kalli bidiyon nan ya fi sau hamsin.

Ana cikin haka sai ga tallan wannan asibitin a Instagram, allura tana huda ƙwai, an rubuta da manyan baƙi cewa da robot suke aiki. Zuciyata ta ce ai shi ne, ya iso Najeriya. Kusan shekara biyu muka yi muna tari, na shiga adashi, na sayar da ɗan filin da na saya a bayan gari, ita kuma ta fito da sarƙar gwal ɗinta ta lefe ba tare da na tambaya ba. Muka hau mota zuwa Kaduna, muka shiga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, muka sauka gidan gwaggonta a Kubwa.

Zaman farko da babban likita na ciro waya na nuna masa bidiyon. Gaskiya bai raina min hankali ba, ya kalla har ƙarshe sannan ya ce, Alhaji wannan har yanzu a ɗakin bincike yake, da maniyyin bijimi suka yi gwajin kuma a cikin faranti, babu asibitin da yake saka shi a jikin mace. Ya ce ko da za a kai can akwai aiki ja, ta yaya za a riƙa ganin abin da bai kai ƙwayar ƙura ba a cikin jikin mutum don a tuƙa shi, ta yaya za a fitar da shi in ya gama, kuma jiki zai karɓe shi ko zai yaƙe shi. Na ce to likita robot ɗin da kuka rubuta a talla fa? Ya ɗan yi shiru ya ce ai na'urar ICSI ake nufi, su suna kiranta iksi, wato wadda ake huda ƙwan mace da allura a saka masa ƙwayar maniyyi ɗaya a ciki. Nan ne raina ya fara ɓaci kuma har yau ban sauka daga kan wannan ba. Wanda ya shekara tara yana jiran haihuwa duk abin da ka rubuta masa zai kama shi hannu bibbiyu, bai kamata a yi masa ado da kalma ba. Abin da suke da shi mai kyau ne ƙwarai, ba ya buƙatar a laƙaba masa sunan da ba nasa ba. Na faɗa masa haka a gabansa, ya ce masu kula da shafin ne suka rubuta zai yi magana. Sati uku da suka wuce na leƙa, tallan yana nan yadda yake.

Amma fa ita na'urar, gani ya kori ji. Da mai kula da lab ɗin ta ji sana'ata, wata 'yar Jos ce mai jin Hausa sosai, sai ta nemi izini ta shigar da ni ranar wata Asabar da ba su da aiki. Sharaɗin farko kar in sa turare ko kaɗan, ta ce ƙamshi da hayaƙi suna cutar da 'yan tayi, ita kanta ba ta shafa mai mai ƙamshi in za ta zo aiki, kuma daga baya haka aka gaya wa matata, ranar cire ƙwai da ranar dashe ba humra ba turaren wuta a kaya. Aka sa min hula da takunkumi da ledar takalmi. Maikiroskop ɗin nasu a kife yake, nawa daga sama yake kallo nasu daga ƙasa, nawa in na murɗa shi ƙarshe sau 45 yake ƙara girma, nata tana aiki a sau 200 zuwa 400. An ɗora shi kan wani tebur mai nauyi da ba ya ɗaukar girgiza, wurin ɗora farantin kuma ɗumi gare shi daidai da jikin mutum, digiri 37. Hagu da dama akwai hannaye biyu na ƙarfe kowanne riƙe da tsinken gilas. Na hagu bakinsa a dakushe yake, shi ke tsotso ƙwai ya riƙe shi kar ya motsa. Na dama shi ne allurar, ramin cikinta wajen maikiron 5 ne, kashi biyar cikin dubu na milimita ke nan, wato ƙwayar maniyyi ɗaya tak ke shiga. Shi kansa ƙwan mace kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Akwai wasu sanduna biyu kamar na masu buga gem, in ta motsa hannunta da yawa sai allurar ta motsa ɗan mitsitsi, na'urar tana rage motsin tana kuma shanye rawar hannu. Ta bar ni na taɓa a kan farantin da babu komai sai ruwa. Ni da nake ganin hannuna ya zauna, sai da na yi minti biyar kafin in iya kawo bakin allurar tsakiyar sikirin.

Ta zauna ta yi min bayanin yadda ake yi tana nuna min a bidiyo. Za ta fara wanke ƙwan daga wasu ƙwayoyi da ke lulluɓe da shi don ta ga ko ya nuna. Sai ta zuba maniyyin a wani ruwa mai yauƙi don masu gudu su rage gudu, ta zaɓi guda ɗaya mai kyan kai da wutsiya, ta danne wutsiyar da bakin allura ta karya ta, ta zuƙe shi ta wutsiya. Shi kuma ƙwan akwai wani ɗan ƙullutu a gefensa, sai ta juya shi ya koma sama ko ƙasa, kamar ƙarfe 12 ko ƙarfe 6 a agogo, allura ta shiga ta ƙarfe 3, don kar ta taɓa inda kayan gadon uwa suke. Za ka ga ƙwan ya lotsa kamar balam-balam kafin ya huje, ta ajiye ƙwayar a ciki ta zare. Ta ce min, Yallaɓai ka ga miliyan ukun nan da ka raina, ni guda goma masu kyau kawai nake nema a ciki. Wallahi a wurin hawaye ya zubo min cikin takunkumin. Ta ce wannan hanyar a Brussels ta Beljiyam aka fara ta, 1992 aka haifi jariran farko, wani likita ɗan Italiya Gianpiero Palermo yana cikin waɗanda suka yi, kuma musamman don matsalar maza aka fi amfani da ita. Shi IVF ɗin kansa ya girme ta, tun 25 ga Yulin 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, a nan Abuja ma tun 1998 aka haifi yarinya ta wannan hanyar a hannun Dakta Ibrahim Wada. Mu muna can muna jiƙa saiwa.

Na tambaye ta to robot na gaske da zai karɓi wannan aikin daga hannunta babu shi ne? Ta ce an fara. A 2023 aka ba da labarin 'yan mata biyu da aka haifa a Amurka bayan wata na'ura ta kamfanin Overture Life ta yi hudar ƙwan a wani asibiti a New York, injiniyan da ya sarrafa ta da abin buga PlayStation 5 ya yi. A 2025 kuma kamfanin Conceivable Life Sciences suka sanar da haihuwar yaro bayan wani aiki da aka yi a Guadalajara ta Meziko, na'ura ce ta yi matakai 23 na iksi, wasu masu ba ta umarnin ma suna can New York, sai dai kowane ƙwai ya ci kusan minti 10, ya fi na hannun mutum daɗewa, kuma ƙwan wata mace daban aka ba matar, abin da mu addininmu bai yarda da shi ba. Ta ce tana fatan su zo su yi araha, don hannun mutum yana gajiya, ƙwai na ashirin da yamma ba kamar na farko da safe ba ne. Na ji daɗin wannan gaskiyar tata fiye da duk abin da ke cikin tallansu.

Tunda na taɓo addini bari in ƙarasa, don ita ce tambayar da aka fi yi min. Kafin mu tafi na zauna da malamina. Ya ce manyan malamai sun daɗe da yin magana, tun 1980 muftin Masar na lokacin Sheikh Jadul Haƙƙi ya ba da fatawa cewa ya halatta, da sharaɗin maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, a mahaifarta za a mayar, kuma auren yana nan. Ba aron maniyyi, ba aron ƙwai, ba aron mahaifa. To abin da ya fi damuna shi ne nasaba, in aka yi musanya fa? Na matsa musu da wannan tambayar har sai da suka nuna min. Sunanmu da lambar fayil a rubuce suke a gindin kowane faranti da kowace kwalba, duk matakin da za a ɗauka sai ma'aikata biyu sun karanta sunan da ƙarfi sun sa hannu, kuma ba a ɗora kayan ma'aurata biyu a tebur ɗaya lokaci ɗaya. Matata an ɗaura mata abin hannu mai suna, kafin a yi mata allurar barci sai da aka sa ta faɗi sunanta da nawa da bakinta. A nan kam na ba su maki cikakke. Amma ku karanta takardun da ake ba ku ku sa hannu, da Turanci suke kuma suna da yawa, akwai gurbin da ke tambaya ko kun yarda a yi amfani da na wani in naku bai yi ba, akwai na abin da za a yi da sauran 'yan tayi in miji ya rasu ko aure ya mutu. Na soke na farkon da biro na rubuta ban yarda ba. Babu wanda ya zauna ya fassara mana, da wanda ba ya karatun boko ne sai dai ya dangwala kawai.

Wahalar aikin kuwa duk a kanta take, ni nawa kaɗan ne. Kwana 11 tana shan allura a fatar ciki kullum, maganin kuma sai a firji, a gidan gwaggo in aka ɗauke wuta sai mu sa shi a kula da ƙanƙara ina tashi cikin dare ina dubawa. Duk bayan kwana biyu ko uku a koma sikanin a ƙirga ƙwayayen a auna girmansu. Mun roƙi mace ta riƙa yi mata sikanin ɗin kuma sun ba mu ba tare da ja-in-ja ba, Allah ya saka musu. Cikinta ya kumbura, ga ciwon kai ga saurin kuka. Allurar ƙarshe an ce ƙarfe 9 na daren Talata daidai, ba 9 da rabi ba, saboda awa 36 bayanta za a cire ƙwan, ƙarfe 9 na safiyar Alhamis, in aka makara sai su fashe da kansu a yi asara. An samu 11, takwas ne suka nuna, washegari aka bugo aka ce shida sun kama. Daga nan kullum adadin raguwa yake, kana zaune kana jiran waya gabanka na faɗuwa. A kwana na biyar uku suka rage.

Ɗakin da namiji zai ba da nasa, wannan gaskiya abin kunya ne ga asibiti mai karɓar irin wannan kuɗin. Ƙofarsa tana kallon inda jama'a ke zaman jira, nas ta kira sunana da ƙarfi ta miƙo min kwalba a gaban mata da maza. A ciki babu bandaki, babu ruwan da mutum zai yi wanka, ga wasu mujallu na banza a ajiye da na kifa su ban kalla ba. Sai da na koma Kubwa na yi wanka na yi azahar a makare. Yawancin masu zuwa wurin nan daga arewa suke, na ga 'yan Sakkwato na ga 'yan Maiduguri har da wani daga Maraɗi, ƙaramin bandaki da labule a bakin ƙofa ba zai gagare su ba. Ina da yaƙinin akwai mazan da irin wannan kaɗai zai sa su juya su fasa.

Sai kuɗi. Ba zan rubuta adadi ba don kusan komai da dala suke sayowa, farashin wata uku baya ba shi ne na yau ba, amma miliyoyi ne. Abin da ya ƙona min rai shi ne kuɗin da aka faɗa mana a waya ashe na aikin ne zalla. Allurai daban, kuma su kaɗai sun kusa rabin kuɗin aikin. Gwajin jini na mu biyu daban, mai allurar barci daban, daskarar da sauran 'yan tayi daban, ajiyarsu ta shekara daban. Kowanne sai an zo gaɓar da ba ka isa ka ja da baya ba sannan a miƙo maka takarda. Ranar cire ƙwai tana ciki a kwance ni ina waje ina kiran abokan kasuwa a turo min bashi. Duk wanda zai je ya ce a rubuta masa komai da komai a takarda ɗaya tun ranar farko, har da kuɗin dawowa dashe na biyu in na farko bai yi ba, kuma ya karɓi rasit na kowane sisi. Haka ma in mai karɓar baƙi ta faɗa maka yawan waɗanda suke dacewa, ka tambaye ta ciki ake ƙirgawa ko jaririn da aka haifa aka tafi da shi gida, kuma mata 'yan shekara nawa, don na 'yar 28 da na 'yar 40 ba ɗaya ba ne. Likitan da kansa ya ce ƙwan mace yana raguwa da yawa da kuma inganci musamman bayan 35. Matata tana 22 na aure ta, tana 31 muka je. Duk shekarar da na yi ban je gwaji ba daga cikin nata shekarun aka cire.

Na so a saka mata biyu mu samu tagwaye a huta, likita ya hana. Ya ce cikin 'yan biyu ya fi zuwa da hawan jini da haihuwar bakwaini, a shekarunta da kyan 'yan tayin ɗaya ya isa, sauran a daskare su. A lokacin na ji haushi, yanzu na gode masa. Dashen bai fi minti goma ba, ba a ma yi mata allurar barci ba, an dai ce ta sha ruwa ta riƙe fitsari. Suka ba mu hoton ɗan tayin a ɗan ƙaramin kati. Muka dawo Kano, kwana 12 tana amfani da maganin riƙe ciki, muka je aka ɗebi jini. Babu. Na ɗauki hoton sakamakon na tura musu a WhatsApp, sai washegari aka maido da kalma biyu ta ban haƙuri da Turanci. Ko kira babu. Mutanen da kafin mu biya kullum sai sun kira sun ji ya Hajiya ta kwana. Ta yi kwana uku ba ta fita tsakar gida ba. Sai a kwana na huɗu ita 'yar Jos ɗin ta kira da layinta, ta daɗe tana magana da matata, ta ce mata ba wani abu da kika yi ko kika bari, ba hawa adaidaita ba ne ba shara ba ne, yawanci daga ɗan tayin ne kansa, kuma kina da biyu suna jiranki.

A wannan satin ne na je gidanmu na sami mahaifiyata bayan la'asar, don na ji an fara cewa an kai ta har Abuja ma abin ya ƙi. Na durƙusa na ce, Hajiya matsalar nan daga wajena take, ba daga wajenta ba, ga takardar likita, hangum ɗin nan da na yi ne. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Washegari da safe ta sa mayafi ta zo gidana da kanta, suka shiga ɗaki su biyu, ban san me suka ce ba na dai ji kukansu. Tun daga ranar ban sake jin maganar ƙarin aure a gidanmu ba.

Bayan wata biyar muka koma. Wannan karon ba allurai masu yawa ba cire ƙwai, magani ne kawai na gyara shimfiɗar mahaifa, aka ciro ɗaya daga cikin tankin da suke ajiye su a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, aka narkar da shi da safe aka saka da rana. Na tambayi abin da zai faru da tankin in wuta ta ɗauke, aka ce shi ba ya amfani da wuta, ruwan naitirojin ake ƙara masa, inkubeta, akwatin ɗumin da ake rainon 'yan tayi a ciki, ita ce ke buƙata, ita kuma na ga inbata da janareto biyu da idona. Kwana 12 muka je gwaji a nan Kano, mai lab ɗin ya miƙo takardar yana murmushi. Alhamdulillah, yanzu cikin yana wata na shida, jiya da daddare ta kamo hannuna ta ɗora na ji motsi.

In aka tambaye ni zan koma wurinsu, eh zan koma, saboda lab ɗinsu da matar da ke cikinsa, kuma muna da saura ɗaya a tanki na riga na biya kuɗin ajiyarsa na shekara. Amma zan tafi da takardar farashi a hannu, kuma zan sake yi wa likita maganar tallan nan da ɗakin nan. Katin hoton na biyu na manna shi a bangon shago gefen maikiroskop ɗina, masu kawo gyara suna tambaya wai hoton farin wata ne. Dan Allah ku sa ta a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya, masu nema kuma Allah ya ba su masu albarka.